Tiroponin ya hau, likita kuma ya ce a duba wuya: me ya haɗa su?

Ummu_Khairat
Salam jama'a, don Allah masu ilimin asibiti a cikinmu ina da tambaya. Yayata ce, shekararta 46, da daddare ƙirjinta ya riƙe, zuciya na ta bugawa fat fat fat ga gumi ya jiƙa ta sharkaf. Muka kwashe ta sai wani asibitin kuɗi, suka yi mata awon bugun zuciya wai ECG suka ɗebi jini, aka dawo aka ce wani abu wai shi tiroponin ya ɗan hau, wai alama ce zuciya ta samu rauni. Hankalin kowa ya tashi. Toh washegari da babban likita ya zo zagaye sai ya tsaya yana kallon wuyanta da idonta, ya ce ta miƙa hannu, ya ɗora fallen takarda a kai, takardar sai rawa take. Kawai sai ya rubuta a je a yi gwajin tayirod. Ni abin da ban gane ba me ya haɗa wuya da zuciya? Ko dai ƙarin gwaji ne kawai don a ci kuɗinmu, don wlh ba ta da wani maƙoƙo da ido zai gani.

DanKofarDoka
Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Amma asibitocin kuɗin nan sai a hankali, ka je da ciwon kai su rubuta ma gwaji shafi guda. Ku tattara takardunku ku tafi asibitin koyarwa na ABU da ke Shika kawai.

Baban_Walida
Amin. Ni ma Shikan zan ce.

Malam_Lab
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi. A nan kam ban bi bayan DanKofarDoka ba, wannan likitan ya san aikinsa, ba cin kuɗi ba ne.

Tiroponin wani furotin ne da ke cikin naman zuciya, can yake zaune, bai kamata a gan shi da yawa cikin jini ba. In naman zuciya ya wahala ko ya ji rauni sai ya yoyo zuwa cikin jini, mu kuma a lab sai mu gani. Abin da mutane ba su sani ba shi ne gwajin yana gaya maka zuciya ta wahala ne kawai, ba ya gaya maka abin da ya wahalar da ita. Toshewar jijiyar zuciya na ɗaga shi, wannan shi ne wanda kowa ke tsoro. Amma ciwon ƙoda na ɗaga shi, cuta in ta shiga jini tana ɗaga shi, gudan jini a huhu, kumburin naman zuciya, kai har zuciya in ta daɗe tana gudu ba hutu ita ma tana ɗaga shi.

Toh nan ne wuya ya shigo. Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban maƙogwaro, ita ke fitar da sinadaran T4 da T3 waɗanda ke saita saurin aikin jiki. In ta yi yawan aiki, kamar ɗan acaɓa ne ya murɗa totur ya ƙi saki, inji na ta kuka dare da rana. Zuciyar babba in yana hutawa tsakanin 60 zuwa 100 take bugawa a minti, mai wannan matsalar sai ki ga 120, 140 kuma yana kwance. Zuciyar da ke irin wannan gudun tana buƙatar iska fiye da abin da jijiyoyinta ke iya kai mata, sai tiroponin ya ɗan hau ko da jijiyoyin garau suke.

Kuma ba dole sai an ga kumburi a wuya ba.

Ummu_Khairat
Na gode Malam, Allah ya saka. Wlh yanzu da ka faɗa, ta jima tana ramewa kuma ci take sosai, har muna tsokanarta wai ina abincin ke zuwa. Lokacin sanyin nan kowa na cikin bargo ita fanka take nema.

Nas_Hauwa
Ai kin gama lissafo su 'yar uwa. Rama ga ci, rashin jure zafi, rawar hannu, rashin barci, saurin fushi, wasu har al'adarsu ta rikice. Ki lura ko idonta ya ɗan firfito, in haka ne to nau'in da ake ce wa Graves ne, kuma mata ya fi kamawa. Muna ganinsu sosai, sai dai kafin su zo an gama yawo da su, an ce aljanu ne an ce sammu ne an ce damuwar kishiya ce, wata ma sai an kai ta ɓangaren masu taɓin hankali tukunna wani ya lura da wuyan.

ZageZagi_Asali
Nas ki yi a hankali, sammu gaskiya ne fa kar ku riƙa mai da komi boko

Nas_Hauwa
Malam ban ce a bar addu'a ba. A yi addu'a a yi gwajin TSH, wato awon jini na tayirod, wanne ya hana wanne?

Likita_Jr
Bari in ɗan taka burki, don na ga an fara karkata wai tunda tayirod ce shi kenan zuciya lafiya lau. Ba haka ba ne, kuma har yanzu ma ba mu ga sakamakon tayirod ɗin ba. Mace mai shekara 46 da ciwon ƙirji da tiroponin a sama, sai an tabbatar ba jijiya ce ta toshe ba kafin a ɗora wa wuya laifi. Mutum na iya haɗa biyun ma, jijiyar dama ta ƙuntata tun da, tayirod ta zo ta tona asirin.

Hajiya tambayoyin da za ki yi musu: sau nawa aka auna tiroponin ɗin? Don awo ɗaya ba ya isa. Ana maimaitawa bayan 'yan awanni a gani yana hawa ne, yana sauka ne, ko yana nan inda yake. Na toshewar jijiya yakan fara hawa cikin awanni kaɗan, ya kai ƙololuwa wajen kwana guda, sannan ya yi ta sauka a hankali, yana iya kai mako ɗaya zuwa biyu bai gama komawa ba. Na biyu me ECG ya nuna, bugun yana da tsari ko a rikice yake? Akwai wani rikicewar bugu da muke ce wa AF wanda tayirod mai yawan aiki ke jawowa sosai, shi kuma haɗarinsa jini na iya daskarewa a cikin zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Na uku ko za a yi mata hoton zuciya, eko.

Malam_Lab
Daidai ne likita. Ban ce a saki jiki ba, bayanin haɗin na yi.

DanKofarDoka
Toh kun ji, gwaji uku ya koma shida. Talaka dai ya shiga uku. Ni maganata ba wai likitan bai iya ba ne, a ina mutum zai samo kuɗin, tiroponin ɗin nan kaɗai ku tambayi wanda ya taɓa biya ya gaya muku, yanzu kuma an ce sai an maimaita.

Anti_Samaru
Ni nawa akasin na yayarki ne, tawa tayirod ɗin kasawa ta yi. Jiki ya yi nauyi, ga sanyi ko a watan Afrilu, fata ta bushe, fuska ta kumbura, in na hau bene cinyoyina ciwo suke. Na je wani asibiti da ciwon ƙirji aka yi wani gwajin jini na zuciya wai CK-MB ya fito a sama, aka kwantar da ni ana ta maganar zuciya, maigida har ya fara kiran dangi. Sai daga baya wata likita ta sa aka yi tiroponin ya fito daidai, aka yi TSH ya wuce 60. Aka ɗora ni kan libotayirosin, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, ƙwaya ɗaya da asuba kafin in ci komai. Da aka sake awon CK ɗin bayan watanni ya koma daidai ba tare da an ba ni ko ƙwayar maganin zuciya ɗaya ba. Har kitsen jinina da ake ta yi mini faɗa a kai in bar man shanu, shi ma ya sauka.

Malam_Lab
Anti labarinki ya cika ɗaya ɓangaren. CK wani sinadari ne na tsoka, ba a zuciya kaɗai yake ba, yana cike a naman cinya da damtse. In tayirod ta kasa, tsokar jiki na wahala kuma jiki baya saurin kwashe CK ɗin daga jini, sai ya taru, har CK-MB ɗin ya ɗan bi shi. Shi ya sa yanzu aka fi dogara da tiroponin. Matsalar dai ba kowane lab ke da shi ba, wasu har yau CK-MB ne a hannunsu.

TSH na lafiya a yawancin lab wajen 0.4 zuwa 4 ne, kin ga 60 ba wasa ba. Kuma a lura lissafin a juye yake, TSH daga ƙwaƙwalwa yake fitowa yana umartar tayirod, in ta kasa sai ya hau, in ta yi yawa sai ya faɗi ƙasa.

Likita_Jr
Ƙari kan maganar Anti, kar a ɗauka mai kasawar tayirod ya tsira daga zuciya. Kitsen jini na hawa, shekara da shekaru yana toshe jijiya, bugu na raguwa, wani ruwa kan taru a jakar da ta lulluɓe zuciya. Kuma dattijo ko mai ciwon zuciya ba a fara masa libotayirosin da yawa, da kaɗan ake farawa irin maikirogiram 25 a riƙa ƙarawa ana duba TSH bayan mako 6 zuwa 8, in aka zabga masa lokaci guda ana iya tado ciwon ƙirjin da ke kwance. Don haka don Allah kar wani ya karanta labarin Anti ya wuce kemis ya saya wa Baba.

Hajjo_Gyallesu
Ni tambayata maƙoƙon nan ba rashin gishiri mai ayodin ke kawo shi ba? Muna yara a ƙauyen kakata mata da yawa na da shi, wata har sai ta ɗaura gyale, yanzu kuma ban cika gani ba.

Malam_Lab
Eh Hajiya wancan na rashin ayodin ne, kuma tun 1993 aka wajabta sa ayodin a gishirin ci a Najeriya, shi ya sa ya ragu. Rogon da ba a jiƙa shi da kyau ba shi ma yana ƙara abin in dama ayodin ya yi ƙaranci. Amma Graves daban ne, garkuwar jiki ce ke zuga tayirod ɗin. Mai irin wannan in kika ƙara mata ayodin ma kina iya ƙara wutar.

Baban_Walida
Ikon Allah, ni da har zan ce su sayo gishirin leda su riƙa sa mata da yawa

Maman_Biyu
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ni bayan na haihu da 'yan watanni zuciyata ta riƙa bugawa da ƙarfi ga haki, surukata ta ce don ban yi wankan jego yadda ya kamata ba ne, ruwan bai kai zafi ba. A asibiti aka yi wani gwaji BNP aka ce ya ɗan hau. Shi ma ɗan uwan tiroponin ɗin ne?

Likita_Jr
Kusan haka amma aikinsu daban. Tiroponin na nuna naman zuciya ya ji rauni, BNP na nuna zuciya ta cika tana miƙewa da nauyin jini, shi ya sa ake amfani da shi wajen gano gazawar zuciya. Tayirod mai yawan aiki na ɗaga shi shi ma. A mai jego abu biyu ake tunani. Akwai kumburin tayirod na bayan haihuwa, yakan zo cikin shekarar farko, ya fara da yawan aiki sannan ya koma kasawa, da yawa kuma su warke da kansu. Akwai kuma gazawar zuciya ta masu jego, wanda mu Zazzagawa bai kamata a ba mu labarinsa ba, tun shekarun 1970 likitocin ABU suka yi rubuce rubuce a kai har duniya ta san Zariya da shi. Su a lokacin sun danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon ƙasa ana hura wuta a ƙasa, don kanwa gishiri ce tana tara ruwa a jiki zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. Eko ne ke raba gardama, tare da TSH.

Inna_KofarGayan
Kai yaro, haihuwa tara na yi duk na yi wankan arba'in da ganyen darbejiya na sha kunun kanwa, ga ni nan garau. Uwata ma haka. Ku 'yan boko komi na gargajiya sai kun ce cuta ne. Yaran yanzu da ba su wanka su ne kullum a asibiti

Likita_Jr
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Inna. Ban ce kowa zai kamu ba, kuma gaskiya binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna ƙarancin wani sinadari seleniyom a jikin masu ciwon, wato abinci ma na da hannu, ba wankan kaɗai ba. Amma mai hawan jini ko wadda ƙafarta ta kumbura tana haki, kanwa ba ta dace da ita ba, wannan kam ba zan janye ba.

Inna_KofarGayan
Toh na ji. Amma wankan dai a bar mana abinmu

Maman_Biyu
Hhhh Inna ke da surukata kun haɗa baki. Na gode likita, za a yi ekon.

Ummu_Khairat
Jama'a sakamako ya fito. TSH an rubuta ƙasa da 0.01, T4 kuma an ja masa layi da jan biro an ce ya yi sama sosai. Na yi tambayoyin da Likita_Jr ya ce, ashe sun maimaita tiroponin ɗin da safe kuma kusan yana nan inda yake bai ƙara hawa ba. ECG ɗin sun ce gudu ne kawai amma da tsari. An ba ta kabimazol na rage aikin tayirod da furofanolol na rage gudun zuciya, an kuma rubuta mana takarda zuwa Shika wajen likitocin wannan fannin. DanKofarDoka ka ga Shikan dai za mu a ƙarshe.

DanKofarDoka
Ai na faɗa tun farko. Ku dai yi sammako, in kin kai Kwangila bayan rana ta ɗaga toh ki shirya wuni.

Nas_Hauwa
Alhamdulillah an gano bakin zaren. Abu ɗaya ki riƙe da kyau, mai shan kabimazol in ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, kar a ce maleriya ce a wuce kemis, a tsai da maganin a je a auna jini ranar, don wani lokaci yana kashe ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Ba kasafai ba ne amma in ya faru ba ya jira. Kuma in tana da asma a gaya wa likita saboda furofanolol ɗin. In akwai yiwuwar ciki ma a faɗa, a farkon ciki wani maganin daban ake ba wa.

Likita_Jr
Madalla. Yadda kika faɗa ya fi kama da gudun ne ya wahalar da zuciyar. Duk da haka ni da zan so a yi ekon, kuma in tana da suga ko hawan jini ko akwai masu ciwon zuciya a gidanku a faɗa wa likitan, shi zai yanke ko a ƙara bincika jijiyoyin.

Malam_Lab
Likita a nan za mu ɗan saɓa. Tiroponin bai motsa ba, ECG ba alamar toshewa, ga dalili ƙuru ƙuru a takarda. Ni a ganina a bari maganin ya yi aiki bugun ya sauka tukunna, in ciwon ƙirjin ya dawo sai a kashe kuɗin. Maganar DanKofarDoka ta aljihu ba ƙarya ba ce.

Likita_Jr
Na fahimta Malam, amma tayirod in ta daɗe tana wannan gudun tana iya raunana zuciya ba tare da tiroponin ya yi wani tashin kirki ba, kuma daga bayanin Hajiya abin ya jima. Wanda zai sa mata abin sauraro a ƙirji dai shi ke da magana ta ƙarshe, mu nan hasashe muke.

Zee_Kongo
Ni ɗaliba ce, an koya mana wani abu da ban ga an ambata ba. Ƙwayoyin nan na gyaran gashi da farce da fata da 'yan mata ke saya a intanet, yawancinsu akwai wani bitamin wai bayotin mai yawa a ciki, kuma yana rikita wasu injinan lab. Yana iya sa TSH ya fito ƙasa T4 ya fito sama a mutumin da lafiyarsa ƙalau, sannan ya sa tiroponin ya fito ƙasa alhali zuciya na cikin matsala. Hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017. Anti Ummu ki tambayi yayar taki ko tana sha.

Malam_Lab
Sannu Zee, Allah ya yi albarka. Gaskiya ne, ba kowane inji ba amma akwai. Gwajin tayirod in ba na gaggawa ba ne ana cewa a dakata da shi aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jini. Sai dai bayotin ba ya sa rama da rawar hannu, ita wannan baiwar Allah alamunta sun dace da takardarta. Matsalarmu mu a lab ba wanda ke gaya mana, ka tambayi mace tana shan magani ta ce a'a, don ita a wajenta na gashi ba magani ba ne.

Baban_Walida
Toh ni yanzu kun tayar min da hankali ta wani ɓangaren. Mahaifinmu na shan amiyodaron don rikicewar bugu, na ga wani wuri an ce shi ma yana taɓa tayirod. Wato zuciya ma na iya komawa ta ɓata wuyan kenan?

Likita_Jr
Maganin ne, yana ɗauke da ayodin mai yawa, yana iya sa ta kasa yana iya sa ta yi yawa, shi ya sa ake duba TSH kafin a fara sannan a riƙa dubawa kamar duk wata 6. Kar ku tsai da shi da kanku, ku tambaya ranar asibitinsa yaushe rabon da a duba. Akwai kuma wani abu, mutum in yana kwance cikin ciwo mai tsanani, ko toshewar jijiyar zuciyar ce ma, T3 ɗinsa kan faɗi ba don tayirod ta lalace ba, in ya warware sai ya dawo. Shi ya sa ba kowane mai tiroponin a sama ake yi wa gwajin tayirod nan take ba sai an ga alama.

DanKofarDoka
Ah toh, ashe ba kowa ba. Maganata ta fito kenan.

Anti_Samaru
Maganarka ba ta fito ba Malam, ita an ga alama ai. Ni tambayata ga likitoci kafin a watse, azumi na tafe, libotayirosin ɗin nan da aka ce sai ciki ba komai kuma a jira rabin awa, a sahur yaya zan yi, ga shi ina shan maganin ƙarin jini kuma an ce kar in haɗa su sai da tazarar awa 4. Bara na riƙa sha da shan ruwa sai TSH ɗina ya hau bayan sallah.

Nas_Hauwa
Anti ki tashi da wuri ki sha da ruwa zalla kafin ki ɗora girkin sahur, kafin ki sauke lokacin ya cika. Na ƙarin jinin ki mai da shi bayan shan ruwa.

Anti_Samaru
Ni da ba na girkin sahur, ɗumame nake yi, minti nawa ne. Likita_Jr in an sha da dare bayan tarawihi fa?